Wuta Ta Kowa Ce, Itacen Fa?

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa da ake sayarwa ta waya ya san abin da ake tararwa a shafin farko, tun kafin a kai ga sunan jarumar labari. Gargaɗi ne, wani lokaci har da Allah ya isa: wadda ta karanta ba ta biya ba, ba a yafe mata ba, wanda ya fitar da littafin waje, sai an haɗu a gaban Allah. Wasu masu karatu na jin haushin wannan, suna cewa ina ruwan labarin soyayya da tsinuwa. Ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne mutum ya duba gabas da yamma bai hango kotun da za ta saurare shi ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa lahira tun ba a yi masa laifin ba.

Alhali akwai wata ƙofa a nan duniya, ƙarama ce dai, kuma marubutanmu da mawaƙanmu da yawa ba su san da ita ba. Idan wani ya kwashi aikinka ya zuba a shafinsa na intanet, kana iya rubuta wa Google, wato matambayi-ba-ya-ɓata, ka nemi ya daina nuna wa mutane hanyar wannan shafi. Akwai lauyoyi da kamfanoni a ƙasashen Turai da Amurka waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: shin daidai ne mutum ya bi ta wannan ƙofa? Da farko za a ce ai ba ta ma kai tambaya ba, kayanka ne aka sace. Amma da na zauna da ita na ɗan lokaci, na ga tana da kusurwoyi fiye da yadda na zata.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya, don wanda bai san hanyar gari ba bai kamata ya yi gardama a kan nisanta ba. A watan Oktoba na 1998 shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a kan wata doka ta haƙƙin mallaka da ake taƙaita sunanta da DMCA. Sashe na 512 na dokar ya ƙulla wani ciniki tsakanin masu fasaha da kamfanonin intanet. An ce wa kamfani: ba za a kama ka da laifin abin da wasu suka ɗora ko abin da ka nuna hanyarsa ba, da sharaɗin cewa da zarar mai abu ya sanar da kai a rubuce, za ka cire ba tare da jan ƙafa ba. Tunda Google kamfanin Amurka ne mai mazauni a Kalifoniya, wannan doka ce yake bi, ko da mai koken yana Maraɗi ne ko Kumasi ko Garwa. Takardar koken ba ta da wani tsawo. Za ka faɗi aikin da aka taɓa, ka kawo adireshin kowane shafi da aka zuba shi, ka ba da hanyar samunka, ka ce tsakaninka da Allah ka yi imani ba ka ba da izini ba kuma doka ba ta ba da ba, sannan ka yi rantsuwar da ake hukunta mai yin ta a kan ƙarya cewa kai ne mai abin ko wakilinsa, ka sa hannu. Ba a biyan ko dala. Doka ma ba ta ce sai da lauya ba. Rajista kuwa ba sharaɗi ba ce, domin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashenmu ke ciki, ta tafi a kan cewa haƙƙi na tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki.

Sai dai a lura da kyau: shafin nan yana nan daram inda yake. Abin da Google ke cirewa shi ne allon da ke bakin hanya mai nuna inda rumfar take. Wanda ya riga ya san rumfar zai ci gaba da zuwa. Wanda ya bi ta Bing zai iya ganinta, sai an rubuta musu su ma. In ana so a rushe rumfar kanta, sai an nemi kamfanin da ya ba shafin masauki, wanda kan iya kasancewa a ƙasar da ba ta damu da takardarka ba. Duk da haka cire allo ba ƙaramin abu ba ne, don yawancin mutane ta nan suke shigowa. Tun 2012 kuma Google ya ce shafin da koke-koke na gaskiya suka yi masa yawa zai riƙa tura shi can ƙasa a jerin sakamakon bincike. Adiresoshin da aka nemi Google ya cire ta wannan hanya sun kai biliyoyi, mafi yawansu daga manyan kamfanonin kiɗa da finafinai da ɗab'i.

To, mu koma ga tambayarmu. Hujja ta farko da nake ji daga masu kare kwashe-kwashen nan ita ce, wai wannan ba sata ba ce. Ɓarawon akuya in ya tafi da ita, turke ya zama wayam. Amma wanda ya kwafi littafi bai rage wa marubuciya ko harafi ɗaya ba, nata na nan a wayarta. Wani saurayi mai sana'ar tura waƙoƙi da finafinai a katin waya ya taɓa kawo mini misalin da ya burge ni, a wani shiri da muka yi kan wannan batu. Ya ce a ƙauyensu in mace ta tashi girki ba ta da ashana, sai ta aiki yaro da kasko maƙwabta ya ɗebo wuta. Wutar maƙwabciya ba ta ragu ba, ita kuma ta samu ta dafa tuwonta. Ya ce wa ya taɓa jin an kai ƙarar mai ɗiban wuta wurin mai gari?

Misalin ya yi kyau, amma ya tsallake itace. Wutar nan da ake ɗiba, wani ne ya shiga daji da gatari tun da asuba ya yo itacen da take ci. Maƙwabciya na ba da garwashi da daɗin rai saboda garwashi biyu ne, kuma gobe ita ma za ta aika a ɗebo mata. Da a ce wani zai kafa rumfa a ƙofar gidanta, kullum ya kwashe garwashin murhunta yana gasa masara yana sayarwa, ita kuma a bar ta da zuwa daji, ba na jin akwai mai garin da zai ce wannan zumunci ne. Littafi ma haka yake. Haruffan ba su ragu ba, gaskiya ne, amma abin da ya ragu shi ne dalilin da zai sa wani ya biya, kuma da wannan kuɗin ne ake sayen lokacin rubuta na gaba.

Na san wata marubuciya, uwar ƴaƴa uku, da ke rubutu da dare bayan yara sun yi barci. Tana sayar da littafinta a jaka guda ta sefa ga waɗanda ta tara a zauren WhatsApp. Ta gaya mini cewa wani littafi da ta kwashe watanni tana bugawa da babban yatsa a waya, bai yi mako biyu da kammaluwa ba ta rubuta sunansa a Google, sai ga shi a shafuka har huɗu. Kowane shafi cike da tallace-tallace, ciki har da na caca. A ɗaya daga ciki an ma goge sunanta an sa na mai shafin. Wani kuma ya ba na'ura ta karanta shi da murya ya ɗora a YouTube. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, ganin sunan labarinta a gefen tallar caca, abin da ko a mafarki ba za ta yarda a haɗa ta da shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba na son in yi mata riƙon sakainar kashi. Ana cewa mu al'umma ce da ta tashi a kan kwafe. Ilimin da ya iso ƙasar Hausa daga Timbuktu da Agadas da Masar da hannu aka yi ta kwafe shi, almajiri ya ari littafin malaminsa ya rubuta nasa. Malamai sun yi kakkausan gargaɗi a kan ɓoye ilimi. Tatsuniya ba ta da mai ita. Hatta Magana Jari Ce, wanda muke alfahari da shi, Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare, ya sa musu riga da hula irin tamu. Masana'antar finafinanmu kuwa kowa ya san bashin da Indiya ke bin ta na kiɗa da salon labari. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, haƙƙin mallaka baƙon abu ne da Bature ya ƙirƙiro don kasuwarsa, tun daga dokar Sarauniya Anne ta Ingila a 1710, kuma bai dace wanda ya ci bashi bai biya ba ya tsaya bakin kasuwa yana ihun a biya shi.

Akwai gaskiya a nan, amma an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Imam ya ɗauki ƙashin labari ya gina masa sabon jiki, ya sha wahalar da ta mai da shi nasa. Mai shafin nan kuwa bai ƙara komai ba sai talla. Sannan magabatan namu da ake kafa hujja da su, a duba yadda suka yi da suna. Mai kwafe littafi da hannu yakan ambaci mawallafi, a ƙarshe ya rubuta nasa sunan a matsayin wanda ya kwafa kawai, ya roƙi addu'a. Mawaƙan ajami kan saka sunansu a baitocin ƙarshe, har da ramzin shekara, don kada waƙa ta yi yawo ba uba. Malami ba ya karantar da littafi sai ya faɗi wanda ya karantar da shi. Mutanen da suka riƙe sunan mai magana da irin wannan amana ba za a jingina musu al'adar goge suna ba. Kuma mai kwafen nan ana biyan sa ladan hannunsa, malami na samun sadaka, mawaƙi na samun riga da doki a fada. Al'umma ta san cewa mai wannan aiki yana cin abinci, ta kuma tanadar masa hanya. Yau fadar da ke ba da doki ta yi ƙaranci, abin da ya saura shi ne jaka gudan nan ta mai karatu.

Ta fuskar addini ma an yi magana. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne. Amma ko su ban ji wanda ya halatta a cire sunan mutum a sa na wani ba. A ɓangaren dokar zamani, mu da ke ƙasashen da suka yi tarayya a yarjejeniyar Bangui ta 1977, irin su Nijar da Kamaru da Chadi, mun gaji tunanin Faransa da ke raba haƙƙin mai fasaha gida biyu: na kuɗi, wanda ake iya sayarwa, da na mutunci, wato a ambaci sunanka kuma kada a lalata aikinka. Wannan rabo ya fi kusa da yadda Bahaushe ke ji a ransa. Sau da yawa mutum na iya yafe kuɗi, amma ya kwana da ciwon an kira ɗansa da sunan wani.

Saura Google, shi me ya yi? Bai saci komai ba, hanya kawai ya nuna. Nan ma kasuwarmu na da amsa. Dillalin da ya kai ka wurin saniya bai san ta sata ba ce, ba a kama shi. Amma ran da mai saniya ya zo da shaidu ya gaya masa, gobe kuma aka gan shi ya sake kai wani mai saye wurin, to ya shiga sahu. Sani shi ne ya canza hukunci. Dokar Amurkan nan, duk da nisanta da mu, a kan wannan ma'aunin ta tsaya, kuma takardar koken ba komai ba ce illa zuwan mai saniya wurin dillali. Don haka a ganina marubuciyar da ta cike fom ɗin nan ba ta zalunci kowa ba. Ba ta ɗaure kowa ba, ba ta ci kowa tara ba, ta dai ce wa dillali ya daina kai mutane.

Ba zan wuce ba sai na faɗi wani abu da ke damun mu a wannan gefen iyaka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yarinya a Tawa ko Damagaram na son ta sayi littafin marubuciyar Kano, sai a ba ta lambar asusun banki na naira, ita kuma ba ta da hanyar turawa sai ta bi ta hannun ɗan canji ko wani ɗan'uwa. Ta yi niyyar biya, ƙofa ce ba a buɗe mata ba. In ta gaji ta rubuta sunan littafin a Google ta karanta a shafin ɓarawo, ban ce ta yi daidai ba, amma ba zan ɗora ta a sikeli ɗaya da mai shafin ba. Wanda zai sa a cire allon rumfar ɓarawo, ya kamata ya tabbata ya kafa tasa rumfar inda mai saye zai iya isa. In ba haka ba ya rufe hanya ne kawai, bai samu ko sisi ba, mai karatu kuma ta rasa.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi, a matsayina na wanda ya koyi aikin jarida kafin ya zauna gaban makirufo. Wuƙar da ke yanka rago ita ce ke yanka mutum. Tsarin nan an gina shi ne a kan a cire tukuna, a yi bincike daga baya, don kamfani ba shi da ribar tsayawa gardama a kan shafin da ba nasa ba. Masu son binne magana sun gane haka tun da wuri. A 2002 cocin Scientology ya yi amfani da wannan doka ya sa Google ya cire shafukan wani dandali da ke sukar cocin daga ƙasar Norwe. Surutun da ya biyo baya ne ya sa Google ya fara aika kwafin koke-koken da yake samu zuwa wata taska ta jama'a, wadda yau ake kira Lumen, a jami'ar Harvard, don kowa ya ga wa ya nemi a cire me. A 2003 kamfanin Diebold mai ƙera na'urorin zaɓe ya bi wasu ɗalibai da irin wannan takarda saboda sun wallafa wasiƙun cikin gida da ke nuna matsalolin na'urorin. A 2004 kotu ta ce kamfanin ya san koken nasa ba ya kan ƙa'ida, ya kuma biya dala 125,000. Akwai kuma uwar nan, Stephanie Lenz, da ta ɗora bidiyon daƙiƙa 29 na ɗanta yana rawa a 2007, waƙar Prince na tashi can a bayansa, kamfanin Universal ya sa aka cire. Sai a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole mai koke ya fara duba ko abin da aka ɗiba yana cikin ɗan gwargwadon da doka ta yarda da shi kafin ya aika takarda. Shekara takwas kenan a kan rawar jariri, kuma ita ta samu lauyoyin wata ƙungiya da suka tsaya mata.

Dabarar da ta fi muni ita ce ta baya-bayan nan. Ɗan jarida ya rubuta labari a kan wani mai kuɗi ko mai mulki. Sai a kwafe labarin a zuba a wani shafin bogi, a mayar da kwanan watansa baya, sannan a rubuta wa Google a ce ɗan jaridar ne ya sata. Mai gida ya zama ɓarawo a gidansa. Jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo irin wannan a 2020, har Google ya dawo da dubban adiresoshin da ya riga ya cire. A Nuwamban 2023 kuma Google da kansa ya kai wasu mutum biyu ƴan Biyetnam ƙara a Kalifoniya, yana zarginsu da aika koken ƙarya a kan adiresoshi sama da dubu ɗari don su kashe kasuwar abokan gasarsu. Ka ɗauki wannan ka auna da ƙananan jaridunmu na intanet, waɗanda mutum biyu ko uku ke riƙe da su. Doka ta ba wanda aka cire wa shafi damar aika martani, in mai koke bai kai ƙara kotu ba cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 a mayar. Amma a cikin martanin sai ka rubuta sunanka da adireshinka, waɗanda za a miƙa wa mai koken, ka kuma amince kotun tarayya ta Amurka ta yi maka shari'a. Ɗan jaridar da bai taɓa wuce Yamai ba, wanda kuma mai koken ne yake tsoro tun farko, yaya zai sa wannan hannun? Da yawa za su yi shiru, labarin ya nutse.

Shi ya sa nake ganin amfanin lauya a wannan harka ya wuce cike fom, don fom ɗin ɗan sakandare ma zai iya. Amfaninsa shi ne ya zama birki. Lauyan kirki zai tambaye ka: aikin nan naka ne har yanzu, ko ka sayar wa furodusa ko maɗaba'a ka manta? Abin da aka ɗora, littafin ne sukutum, ko sakin layi biyu ne wani ya ɗauko don ya yi sharhi? Kuma abin da ke cin ranka satar ce, ko sukar da aka yi maka? Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya. Akwai masu fasahar da in aka ɗauko guntun waƙarsu aka yabe su sai su yi murna su tura wa abokai, in aka ɗauko guntun nan dai aka kushe sai su tuna da haƙƙin mallaka. Wanda ya yi haka ya yi rantsuwa a kan abu ɗaya alhali zuciyarsa na kan wani. Lauyan da ya karɓi kuɗi ya aika masa takardar, ya sani sarai, ya zama ɗan kwangilar rufe baki, ko da kowane layi na takardar ya dace da doka.

Akwai wani wuri kuma da ni kaina nake sassauta murya, wato tsofaffin waƙoƙi. Mu ma'aikatan rediyo mun san halin da faya-fayen da suke ciki. Zafi da ƙura da gara sun cinye da yawa, wasu an yi rikodin wani abu a kansu lokacin da kaset ya yi wuya. Sau nawa mai saurare ke kira ya nemi wata tsohuwar waƙar Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, ko ta Ɗan Gurmu, a duba ma'ajiya babu, sai a same ta a shafin wani bawan Allah da ya juyo ta daga kaset ɗin mahaifinsa ya ɗora? A takarda wannan mutum ya keta haƙƙi, don yarjejeniyar Berne ta ce kariya na ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai aiki, kuma magada na da cikakken iko su sa a cire. Amma in suka cire ba su tanadi wani wuri da za a same ta ba, muryar ubansu suka rufe. A irin wannan na fi son a fara da sallama kafin takarda: a nemi mutumin, a ce ya rubuta sunan mawaƙi da na makaɗansa daidai, in akwai kuɗin talla a raba, ya kuma ba iyali kwafi mai kyau. In ya ƙi, ƙofar koke na nan. Ikon yin abu daban yake da dacewar yin sa, kuma a nan ne magaji ke nuna ko gadon yake so ko mai gadon. Mu ma gidajen rediyo wannan ma'aunin ya hau kanmu: littafin da za a karanta a iska a nemi izinin mai shi, a faɗi sunansa a farkon shiri da ƙarshensa, kuɗin da ya kamata a zuba wa hukumar haƙƙin mawallafa, irin BNDA a nan Nijar, a zuba.

Abin da ya rage shi ne ƙarfi. Manyan kamfanoni na da na'urorin da ke kewaya intanet dare da rana suna aika koke dubu-dubu. Marubuciyar da na ambata tana da waya ɗaya da kuɗin data na kwana biyu, fom ɗin kuma ba da Hausa yake ba. In ta cire adireshi huɗu yau, jibi mai shafin ya canza suna ya dawo da takwas. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shigo da tsarin sanarwa da cirewa a cikin gida, kuma wannan ci gaba ne ga kasuwar da mafi yawan littattafanmu ke fitowa. Amma doka ba ta cike wa kowa fom. Tunda an yarda wakili ya aika koke a madadin mai aiki, ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin marubuta, waɗanda ba su da iyaka a wayoyinmu, su haɗa ɗan kuɗi su ɗauki mutum ɗaya mai jin Turanci ko Faransanci, da lauya ɗaya da za a riƙa tuntuɓa, su riƙa aikawa da sunan ƙungiya ba. Wannan zai kuma warware wata matsala da ta shafi mata musamman. Da yawansu da sunan aro suke rubutu, wasu ma dangin miji ba su san suna yi ba, kuma kwafin koken da ake aika wa taskar Lumen na iya fitowa da sunan wanda ya aiko. In ƙungiya ce ta sa hannu, sunan ƙungiya za a gani.